Gebisa Ejeta da bincikensa kan ƙuduji, ciyawar da ke cin dawa daga ƙarƙashin ƙasa

Gebisa Ejeta masanin tsirrai ne ɗan ƙasar Habasha, farfesa a Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana ta Amurka. An san shi da samar da irin dawa mai jure fari, da kuma irin da ke iya tsayawa gaban ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da wasu ke kira wuta-wuta, wadda masana suka sa wa suna Striga. Saboda wannan aiki ne aka ba shi Kyautar Abinci ta Duniya a shekarar 2009, sannan a 2023 shugaban Amurka Joe Biden ya rataya masa lambar yabo ta kimiyya ta ƙasar. Bincikensa ya shafe mu kai tsaye, domin Nijar da Sudan suna cikin ƙasashen da aka gwada irin nasa aka kuma raba wa manoma.

An haife shi a 1950 a ƙauyen Wollonkomi da ke yammacin tsakiyar Habasha. Mahaifiyarsa ce ta tsaya tsayin daka a kan sai ya yi karatu, duk da cewa makaranta mafi kusa tana da nisan kilomita 20. Da ƙafa yake tafiya ranar Lahadi, ya dawo gida ranar Juma'a. Daga nan ya wuce makarantar koyon aikin gona ta Jimma, ya samu digirin farko a kwalejin Alemaya a 1973, ya kammala digirin digirgir a Purdue a 1978. Aikinsa na farko a Sudan ya yi shi, ƙarƙashin cibiyar ICRISAT mai binciken amfanin gona na yankunan da ruwa bai wadata ba. A can ya fitar da Hajin Dura-1 a 1983. Ɗaliban Larabci za su gane sunan nan take: dawa mai aure, wato wadda aka samu ta hanyar haɗa iri biyu. A 1984 ya koma Purdue da koyarwa, kuma da haɗin gwiwar cibiyar INRAN ta Nijar aka fitar da wata dawa mai aure, NAD-1, a 1992. Waɗannan biyun maganin fari suke yi. Ƙuduji matsala ce ta daban, kuma ita ta ci mafi yawan shekarunsa.

Yadda ƙuduji ke rayuwa

Duk manomin da ya taɓa noma dawa ko gero a gonar da ta gaji ya san abin da ke faruwa. An yi shuka, ruwa bai yanke ba, an yi noma, amma dawa ta tsaya cak, ganyenta ya yi rawaya yana naɗewa kamar an yi fari. Sai bayan makonni ciyawar ta ɓullo a gindinta. Manomi ya duƙa ya tuge ta, alhali aikin gama ya riga ya gama. Dalili kuwa shi ne, ƙuduji yakan yi wata guda ko fiye a ƙarƙashin ƙasa, manne da saiwar dawa, yana tsotsar ruwa da abincinta, yana kuma dagula mata girma, tun kafin ido ya gan shi.

Ƙwayar irinsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kamar ƙura. Tsiro guda yana zubar da dubun dubata, iska da ruwa da dabbobi da fartanya su yaɗa su, kuma suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba. To amma ƙanƙantar nan ita ce rauninsa. Guzurin da ke cikin ƙwayar kaɗan ne, ba ya wuce na 'yan kwanaki. Idan ta tsira ba ta samu saiwar da za ta kama a kusa da ita ba, mutuwa za ta yi. Shi ya sa ba ta tsira don an yi ruwa kawai, kamar sauran ciyayi. Tana buƙatar ta jiƙa cikin ɗumi na mako ɗaya ko biyu, sannan ta jira alama. Alamar nan wani sinadari ne da saiwar dawa ke fitarwa cikin ƙasa, wanda masana ke kira sitirigolakton. An fara gano irinsa a 1966 daga saiwar auduga. Da zarar ƙwayar ta ji shi, ta san abinci ya iso. Bayan ta tsira kuma tana jiran alama ta biyu daga saiwar, wadda za ta sa ta fitar da ɗan bakin da take huda saiwar da shi.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya sa dawa take fitar da abin da zai kira mata maƙiyi? An samu amsar a 2005, lokacin da wasu masana a Japan suka nuna cewa ba don ƙuduji ake fitar da sinadarin ba. Kira ne ga wata irin funfuna mai amfani da ke zaune cikin ƙasa, wadda ke shiga saiwa tana taimaka wa shuka wajen jawo sinadarin fosfaras. Idan ƙasa ta talauce, shuka takan ƙara yawan kiran. Ƙuduji ya laɓe ne kawai yana saurare. Wannan ya fayyace abin da manoma suka daɗe da lura da shi, cewa gonar da ta gaji ita ƙuduji ke mamayewa, gonar da ke gefen gari mai samun taki kuwa da wuya ya yi mata yawa.

Abin da Ejeta ya yi

Tun kafin Ejeta masana sun san akwai wasu nau'o'in dawa da ƙuduji ba ya cika damunsu. Wahalar ita ce tantance su a gona. Bana ciyawar ta yi yawa a wannan kusurwa, baɗi ta koma waccan, ruwa ya bambanta, ƙasa ta bambanta. Mai bincike zai ga dawar da ta tsira lafiya, ya kasa sanin ko juriya ce gare ta ko sa'a ce ta faɗa inda babu irin ƙuduji. Kuma kowane gwaji damina guda yake ci.

Ejeta da abokin aikinsa Larry Butler, masanin sinadaran halitta a Purdue, sai suka sauya dabara. Maimakon su ɗauki juriya a matsayin abu guda, suka rarraba rayuwar ƙuduji mataki-mataki, suna tambayar a wane mataki dawa za ta iya datse shi. A 1992, tare da Dale Hess, suka wallafa wani gwaji mai sauƙi. Ana barbaɗa irin ƙuduji cikin ɗan faranti mai ɗauke da wani ruwa garai-garai da ya daskare, a ɗora ƙwayar dawa da ta fara tsira, a bar saiwarta ta ratsa ciki. Bayan 'yan kwanaki sai a duba da madubin ƙara girma: daga nisan nawa da saiwar ƙuduji ya tsira? Idan har can nesa ya farka, dawar mai yawan kira ce. Idan sai wanda ke dab da saiwar, ko babu ma, to an samu abin da ake nema. Aikin da ke cin damina ya koma na mako, kuma ana iya gwada ɗaruruwan iri a ɗaki guda.

Ta irin waɗannan gwaje-gwaje suka bambance hanyoyin juriya. Akwai dawar da kiranta ba ya tayar da ƙuduji. Akwai wadda ke hana shi alama ta biyu. Akwai wadda idan ya huda ta, sai ta kashe naman saiwarta a daidai wurin, ya rasa abin kamawa. Akwai kuma wadda yakan kama, amma ya ƙi girma. Ta farkon ce aka fi cin moriya, kuma fitaccen misalinta wata dawa ce mai suna SRN39, wadda aka noma a Nijar da Sudan. An aurar da halinta ga nau'o'in da suka fi ta yabanya. A 1994 aka samar da tan 8 na iri mai jure ƙuduji a Purdue, aka raba wa ƙasashen Afirka fiye da goma, ciki har da Nijar, Gana, Mali, Senegal da Sudan. Daga wannan zuri'a Habasha ta fitar da Gobiye da Abshir, Tanzaniya ta fitar da Hakika da Wahi.

Sirrin SRN39 bai fito fili ba sai 2017, lokacin da ɗakin binciken Ejeta ya gano ƙwayar gadon da ke da alhaki, wadda suka kira LGS1. Abin mamakin shi ne, dawar ba ta daina kira ba. Sauyin da ya faru a ƙwayar gadon ya sa tana fitar da wani nau'in sinadarin daban, wanda bai cika tayar da ƙudujin dawa ba. Amfanin ganowar ga masu auren iri shi ne, yanzu suna iya duba ɗan ganyen shuka su san ko ta gaji halin, ba sai an kai ta gona ba.

Iri kaɗai ba ya isa

Ejeta da kansa bai taɓa tallata irin a matsayin maganin da ya wadatar ba, kuma wannan a ganinmu yana cikin abin da ya sa aikinsa ya yi ƙarko. Daga farkon shekarun 2000 ya jagoranci gwaji a gonakin manoma a Habasha, Eritiriya da Tanzaniya, inda aka haɗa abu uku: iri mai juriya, taki, da kunyoyin da ake datsewa don su riƙe ruwan sama. Haɗin ukun ya fi kowane guda shi kaɗai ba da amfani, nesa ba kusa ba. Hikimar a fili take: taki yana rage kiran da dawa ke yi, danshi yana ba ta ƙarfin jure wanda ya samu kamawa. Manoman yankin Tawa da ke haƙa ramukan tassa suna zuba takin gida a ciki, wannan hanyar suke bi, ko da sun fara ta ne don farfaɗo da fako.

Akwai kuma dabarar yaudara. Auduga, waken suya da gyaɗa suna fitar da kiran da ke tayar da ƙudujin dawa, amma ba ya iya rayuwa a kansu, sai ya tsira ya mutu. Juya shuka da su yana rage tarin irin da ke cikin ƙasa. Tuge ciyawar kuwa ba ya ceton dawar bana, sai dai yana ceton ta baɗi, muddin an yi shi kafin furen ya yi 'ya'ya, aka kuma fitar da ita daga gonar aka ƙone. Dalilin da ya sa ba a sakankance da iri guda shi ne, ƙudujin dawa barbara yake yi tsakanin tsiro da tsiro, don haka zuri'arsa iri-iri ce, kuma cikinta ana iya samun wanda zai saba da dawar da ta gagari 'yan'uwansa.

Ya kamata ɗalibi ya kiyaye cewa ƙuduji ba guda ba ne. Wanda ke kama dawa, gero da masara a yankinmu shi ne Striga hermonthica, kuma a gero, wanda shi ne cimar yawancin mutanen Nijar, har yanzu ba a kai ga irin nasarar da aka samu a dawa ba. Wanda ke kama wake kuwa Striga gesnerioides ne, ya fi gajarta, kuma aikinsa ya bi ta wani hannu daban: masanin wake B. B. Singh na cibiyar IITA a Kano ya ɗauko juriya daga wani waken gargajiya na Botsuwana mai suna B301, daga zuri'arsa aka samu IT97K-499-35 da ake nomawa a Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar.