Aure Ya Mutu, Wa Ya Yi wa Yaro Ta'aziyya? Tarihin Rabuwar Iyaye a Adabinmu



Idan miji da mata suka rabu, Bahaushe cewa yake aure ya mutu. Ya ba abin sunan mutuwa, amma bai ajiye masa zaman makoki ba. Matar tana da idda da za ta zauna, tana da sabon suna, bazawara. Mijin yana da abokai masu ba shi baki. Yaron da aka haifa a tsakaninsu kuwa, magana guda ake jefa masa a wuce: yi haƙuri. Yau za mu bi sawun yaron nan a cikin adabi, mu ga tsawon lokacin da ya ɗauka kafin a bar shi ya buɗe baki, da kuma irin haƙurin da kowane zamani ya nema daga gare shi.

Mu Hausawan Adamawa mun san yaron nan tun kafuwarmu a nan. Kakanninmu sun shigo ƙasar Fombina a ƙarni na 19 a matsayin fatake da malamai, bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu a 1809. Haurin giwa da goro ne suka jawo su har Tibati, kuma suna nan lokacin da Jamusawa suka ci garin a 1899. Rayuwar fatauci rayuwar tashi da sauka ce. Mutum ya yi aure a zango, ya haihu, ciniki ya juya, ya ɗaura kaya ya yi gaba. Wani ya tafi da ɗansa ya bar uwar, wani ya bar su duka. Kalmomin da muka gada sun ishe mu shaida: agola, ɗan riƙo, 'yan uba, matar uba. Harshe ba ya raɗa wa abu suna sai ya saba ganinsa.

Shari'a ba ta mance da wannan yaro ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, ya san hukuncin reno a mazhabar Malikiyya. Bayan saki uwa ce ke riƙe ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har a kai ta ɗakin miji. In uwar ta rasu ko ta sake aure, riƙon ya koma hannun kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Ciyarwa da tufatarwa kuma suna wuyan uba. Al'ada ta bi wata hanya dabam: da zarar an yaye yaro, sai dangin uba su aiko a ɗauke shi, wai ɗa na uba ne. A tsakanin abin da littafi ya ce da abin da gari ya saba, nan hawayen yara da yawa suka zuba.

Wurin farko da yaron ya samu mafaka shi ne tatsuniya. Irinsu Frank Edgar ya tattara cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, amma iyayenmu mata sun riga shi da nisa. Ku tuna marainiyar da kishiyar uwa ke ɗora wa aikin da ya fi ƙarfinta, da 'yar bora da ake aika wa inda ba a sa ran ta dawo. Kullum ladabi da haƙuri ke fisshe ta, wata tsohuwa ko wani aljani ya saka mata da dukiya, 'yar mowa kuma ta tafi da rashin kunya ta dawo da abin kunya. Mata ne ke ba da tatsuniyar nan da dare, kuma da yawansu sun taɓa barin ɗa a wani gida. Abin da suke faɗa wa yara a fakaice shi ne: ku daure, Allah na gani. Sai dai a tatsuniya ba a tambayar yarinyar me ke ranta. Aikinta ta yi shiru har sakayya ta zo.

Da aka fara ƙagaggun labarai a boko, bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar. Umar ya rasa mahaifinsa, uwarsa ta auri Makau, wato ya zama agola, sannan aka sace shi, ya ƙare a hannun wani Balarabe da ya kai shi ƙasar Masar ya ba shi ilimi. Uwar ta fita nemansa, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ba su sake haɗuwa ba sai tana dab da cikawa. Mutuwa da bauta ne suka raba wannan gida, amma a nan ne yaro ya fara ba da labarin rabuwarsa da uwa da bakinsa. Maganin da littafin ya ba shi kuwa shi ne yarda da ƙaddara da riƙo da karatu. Ita kuma Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga a 1954, ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta riƙe 'ya'yan dangi. Labarinta na gaskiya ne, kuma ya nuna cewa a da babban gida na gandu shi ke shanye zafin saki, domin yaro ba ya rasa wata uwar da za ta ja shi a jiki.

Sauyi na gaske ya zo daga Kano. Hafsat Abdulwaheed ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980, daga nan ƙananan littattafai suka cika kasuwa, mata na rubutawa, 'yan mata da matan aure na karantawa, ana ba da haya kamar kaset. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka aurar tana shekara 13 aka kuma sake ta, ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne, ya auro Delu, ya saki uwargidansa Rabi, ya kore ta da 'ya'ya tara. Babu aljanin da ya zo da sakayya. Rabi ta kama sayar da abinci, ta ciyar da yaran, har 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci. Da wuta ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta watsar da shi, sai aka matsa wa Rabi ta koma masa. Mai karatu yakan rufe littafin yana tambayar kansa ko wannan komen alheri ne ga yaran. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012.

Dattawa ba su karɓi littattafan nan hannu biyu ba. An zarge su da lalata tarbiyya, har a 2007 aka ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Ba shakka akwai shirme a cikinsu. Amma yarinyar da aka saki uwarta jiya, a can ta fara ganin wata mai irin ciwonta, ta gane cewa ba ita kaɗai ba ce, kuma ba laifinta ba ne.

A nan gida Kamaru, Djaïli Amadou Amal 'yar Marwa ta ɗauki kalmar haƙurin kanta ta sa a faifai. Littafinta na 2017 sunansa Munyal, wato haƙuri da Fulatanci. Da aka sake buga shi a Faransa da sunan Les Impatientes, ya ci kyautar Goncourt ta 'yan makarantun lise a 2020, kyautar da matasa ne da kansu suke zaɓen gwaninta. Labarin Ramla ne da Hindu da aka yi wa auren dole, da Safira da aka yi wa kishiya, kowacce ana ce mata ta yi munyal. Gidan Fulani ne, amma babu Bahaushen Garwa ko Tibati da zai karanta bai gane tsakar gidansu ba.

Wannan doguwar tafiya ta raba mana haƙuri gida biyu. Akwai haƙuri da abin da ya riga ya faru. Yaro ba shi da ikon ɗaura auren da ya mutu, kuma duk shekarun da ya ɓata yana jiran iyayensa su koma, daga rayuwarsa aka cire su. Ya yarda cewa yanzu gida biyu gare shi, ya girmama mijin uwarsa da matar ubansa, ya riƙe karatunsa kamar Umar. Wannan haƙuri ibada ne. Akwai kuma wanda manya ke ɗora wa yaro don su huta da tambayarsa: a hana shi ganin uwarsa, a daina biyan kuɗin makarantarsa don a ƙuntata mata, a mai da shi ɗan aike mai kai baƙar magana, sannan a ce ya yi shiru. Wannan kam babu littafin fiƙihun da ya kira shi haƙuri.

Yau gandun da ya rufa wa zamanin Baba asiri ya watse, kowa da ɗakin hayarsa. 'Ya'yanmu Faransanci suke karantawa a makaranta, da yawansu ba su saba da Hausar boko ba, sai dai su saurari labaran ana karantawa a YouTube ko a tura musu ta WhatsApp. Kada mu ƙwace wayar kafin mu tambayi me suke saurare, da abin da ya sa wannan labarin ya kama su. A zauren dattijon da nake riƙe wa alƙalami, idan ana raba aure akan lissafa sadaki da kayan ɗaki har cokali. Ya kamata takardar ta ƙunshi inda yaro zai kwana, wanda zai biya makarantarsa, da ranakun da zai je wurin ɗayan, kuma in ya yi wayo a kira shi a ji ta bakinsa.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya. Inda rabuwa ta zama dole, Allah Ya sa a rabu da kyautatawa, Ya raya mana zuriya bisa tafarki madaidaici. Amin.