Gashin Agwagwar Ruwa da Ƙugiyar Faro

A watan Yuni na 1851 Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya haye Binuwai daidai inda kogin Faro ke zuba a cikinsa. Yola ya nufa, shekara goma bayan Modibbo Adama ya kafa ta, kuma Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe ba. Yau ma baƙi na zuwa Faro daga Turai da Afirka ta Kudu, amma can sama suke tsayawa, cikin Kamaru, da sandar fatsa da akwatin ƙugiyoyi ɗaure da gashin tsuntsu. Giwan ruwa suke nema da tsage. In sun kama sai su ɗauki hoto su mayar da kifin ruwa.

Ni a Jimeta na tashi, kusa da tafkin Geriyo. Kawuna maharbi ne. Da sanyin hunturu yakan shigo gida da kirinjijiya, ranar sa'a kuma da dinya. Inna ta tsoma su a ruwan zafi ta fige, mu yara mu tsinci gashi ɗaya na susar kunne, sauran a watsa a juji. Masuntanmu, Bata da Jukun da Hausawa, ba su taɓa buƙatarsa ba. Suna da birgi da taru da mamari, mai fatsa kuma ga tana ga fara. Amma dabarar da ke bayan ƙugiyar gashi kowane yaron bakin kogi ya san ta. Farkon damina, in shinge ya tashi ya faɗa ruwa, za ka ga kawara na tsalle tana cafkewa. To wannan ƙwaron ake kwaikwayo da zare da gashi.

Sana'ar ɗaurin ƙugiyar gashi ta tsufa. Wajen shekara ta 200 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su ɗaura gashin zakara biyu. A 1496 aka buga wani ɗan littafin kamun kifi a Ingila mai bayanin ƙwarin bogi goma sha biyu, kuma a cikinsu akwai masu fukafukin gashin agwagwar daji. Dalilin zaɓar tsuntsun ruwa a fili yake. Gashin haƙarƙarin namijin agwagwa yana da zane siriri-siriri irin na fiffiken ƙwaro, ga laushi, ruwa na taɓa shi sai ya yi motsi. Mafi daraja shi ne ɗan tattausan gashin da ke kewaye da tsiron mai a gindin wutsiya, inda agwagwa ke lakato man da take shafe jikinta. Yana riƙe iska a tsakanin silinsa, don haka ƙugiya ba ta nutsewa. Masuntan tsaunukan Jura, a iyakar Suwizalan da Faransa, su suka fito da amfaninsa wajen shekarun 1920.

Wani direba da ke kai baƙi Faro daga Garwa ya taɓa nuna mini yadda ake gyara gashin. Da ya ji yadda Inna ke yi sai ya riƙe baki.

"Malam, ai ruwan zafi kashe shi yake. A bushe ake figewa, ɗaya-ɗaya."

Daga nan a wanke a ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, a shanya a inuwa, a karkaɗe ya koma siffarsa, a ware na ƙirji daban, na haƙarƙari daban. Sai a rufe a leda da kafur saboda asu, wanda kan cinye tarin shekara cikin 'yan makonni. Manyan ƙugiyoyin giwan ruwa dai dogon gashin zakara da zaren roba ake sa musu. Na agwagwa na ƙananan kifaye masu cin ƙwari ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai Kenya ce. Turawan mulkin mallaka sun kai kifin tirawut kogunan tsaunukanta a farkon ƙarni na 20, sana'ar ɗaurin ƙugiya ta biyo baya, yanzu kuma maza da mata a Kericho da Nairobi na ɗaurawa ana fitarwa Turai da Amurka. Duk wanda ya zauna gefen mai ɗinkin hula a Yola ya ga yadda allura ke bin zane ya san muna da hannun wannan aiki.

Sai dai kwaɗayin gashi ya taɓa jawo ta'asa. A 2009 wani saurayi ɗan Amurka, Edwin Rist, ya fasa gidan tarihin Tring a Ingila ya sace fatun tsuntsaye 299, yana sayar wa masu ɗaurin ƙugiya. Mu kuwa tsuntsayenmu sun riga sun shiga matsi. Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 cikar Binuwai ta daina bin tsohon lokacinta. Tafkin Njuwa, inda aka saba yin bikin kamun kifi na Yola, yashi da laka sun cike shi da yawa. Gonakin rani sun kewaye Geriyo, kuma garken kirinjijiyar da nake gani yau bai kai na ƙuruciyata ba.

Saboda haka ba na goyon bayan a harbi ko tsuntsu ɗaya don gashinsa. Agwagwar gida da zabo da zakara da ake yankawa kullum a kasuwar Jimeta sun wadatar, gashinsu ma zubar da shi ake yi. Matasanmu masu neman sana'a su je wajen masu figar kaji su roƙa a fige musu a bushe, su nemi ƙugiya da zare su fara koyo. Maharba kuma, don Allah, ku ƙyale dinya a lokacin da take kwanci.