Abin da Sunayen Iri Ke Faɗi Game da Tarihin Borno

Littattafan tarihin Borno cike suke da sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma da wuya su faɗi shekarar da aka fara shuka wani hatsi ko wanda ya kawo irinsa. Marubutan fada ba su ɗauki sungumi da rumbu a matsayin abin rubutawa ba. Duk da haka labarin bai ɓace ba, domin yana nan a bakin masu awo na Kasuwar Monde da ta Gamboru a Maiduguri, cikin sunayen da suke kiran hatsi da kayan lambu. Ra'ayina shi ne sunayen nan shaida ce ta tarihi wadda ta cancanci a saurare ta, muddin an san iyakarta: suna yana nuna hannun da ya miƙo iri, ba ƙasar da irin ya samo asali ba.

Maiduguri ta dace da wannan awo saboda Hausa da Kanuri suna zaune cikinta kafaɗa da kafaɗa, alhali ba dangi ɗaya suke ba. Hausa tana cikin harsunan Chadi, Kanuri kuwa cikin harsunan Sahara. Saboda haka idan suka kira abu ɗaya da suna ɗaya, aro ne, ba gado ba. Bahaushe yana cewa gero, Babarbare yana cewa argum. Bahaushe yana cewa dawa, Babarbare yana cewa ngawuli. Babu wata kama a tsakani, alamar cewa kowane ɓangare ya daɗe da sanin hatsin tun kafin ciniki ya haɗa su. Haƙar ƙasa ta goyi bayan haka. A Gajiganna, arewa da Maiduguri a hanyar Monguno, masu bincike na Jami'ar Frankfurt da Jami'ar Maiduguri sun sami tambarin geron noma a jikin fasassun tukwane tun wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Daima, kusa da iyakar Kamaru, inda Graham Connah ya yi haƙa a 1965 da 1966, an sami ƙonanniyar dawa ta wajen ƙarni na 9 ko na 10 na Miladiyya. Hatsin da sunayensu suka sha bamban su ne tsofaffin 'yan gida.

Da an zo kan alkama sai lamarin ya juya. Hausa ta ce alkama, Kanuri ta ce algama, kuma duka biyun daga Larabci suke, har da harafin "al" da ya manne bai rabu ba, kamar yadda ya manne a albasa. Nan ma akwai rubutu da ke tsaya wa sunan. Al-Umari, wanda ya yi rubutu a ƙarni na 14, ya lissafa shinkafa da alkama da dawa cikin abincin mutanen Kanem, daular da ta gabaci Borno, ya kuma ambaci lemo. Heinrich Barth, da ya isa Kukawa a 1851, ya tarar da alkama da albasa a kasuwa, ya danganta shigowarsu da Larabawa. Hanyar ma sananniya ce: daga Tafkin Chadi zuwa Bilma da Kawar, a ratsa Fezzan a kai Tarabulus. Tun a shekarun 1240, zamanin Mai Dunama Dibalami, mutanen Kanem suna da masaukin ɗalibai da alhazai a birnin Alƙahira. Mutanen da ke wannan kai da komo ba littattafai kaɗai suke dawowa da su ba.

Masara ita ce ta fi jawo gardama. Hausa ta ce masara, Kanuri ta ce masar, sunan kuma yana nuni da ƙasar Masar. Mai suka zai ce ga ƙaryar suna a fili, tunda masara ba ta da alaƙar asali da kogin Nilu: a kudancin Meziko aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma ba ta ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Gaskiya ne, amma sukar ta ɗora wa sunan da'awar da bai yi ba. Misirawa da kansu suna kiranta dawar Sham, mutanen Italiya suna kiranta hatsin Turkiyya, masu jin Suwahili kuma suna jingina ta da Hindu. Kowa ya ambaci wanda ya karɓa daga hannunsa, ko wanda yake zaton shi ne. Idan aka jera sunayen sai hanya ta bayyana: daga Amurka zuwa Bahar Rum, daga can zuwa ƙasashen Daular Usmaniyya, sannan ta hamada zuwa Borno da ƙasar Hausa. Wannan ya dace da abin da aka sani na ƙarni na 16, lokacin da Mai Idris Alauma ya yi aikin hajji, ya kuma ƙulla hulɗa da Usmaniyawa. A bakin tekun Yammacin Afirka kuwa, inda jiragen Turawan Fotugal suka sauke ta, sunayenta daban ne. Ashe masara ta shigo yankin nan ta ƙofa biyu, kuma sunan ne ya adana labarin ƙofar arewa. Haka gwanda: tsofaffi suna ce mata gwandar Masar don a bambanta ta da gwandar daji, alhali ita ma 'yar Amurka ce.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ana iya aron suna ba tare da aron abu ba, kuma suna yana iya sauya ma'ana bayan an daɗe. Dankali misali ne mai kyau. Wanda ake kira dankalin Hausa daga Amurka ya fito, bai kuma zama "na Hausa" ba sai da dankalin Turawa ya iso aka buƙaci rarrabewa. Wanda ya dogara da sunan kaɗai zai yi rantsuwa a kan kuskure. Amsar ita ce ba a karɓar shaidar suna shi kaɗai, kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya. Sai an haɗa shi da abin da aka haƙo, da rubutun matafiya, da ilimin tsirrai da ke nuna inda dangin shukar na daji suke tsirowa. A kan gero da dawa da alkama da masara, shaidun sun yi daidai da juna. A kan dankali sun saɓa, sai a bar sunan a bi sauran.

Akwai kuma mai cewa ko da an yarda alkama ta zo daga Larabawa, babu dalilin cewa ta Borno ta biyo zuwa ƙasar Hausa, tunda Katsina da Kano suna da hanyarsu ta Agadas, ga kuma Wangarawa daga yamma. Wannan ma gyara ne mai amfani, domin ƙasar Hausa ba ƙofa ɗaya gare ta ba. Sai dai sarautar Kanem ta karɓi Musulunci tun ƙarshen ƙarni na 11, yayin da Tarihin Kano ya sanya zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomi irin su kasuwa da karatu da rubutu ta hannun Kanuri suka shigo Hausa. Idan sunan kasuwar ma ta gabas ya biyo, ba ƙarin gishiri ba ne a ce wani kaso na abin da ake aunawa cikinta ta can ya biyo.

Borno ba karɓa kaɗai ta yi ba. Masakwa, dawar rani da ake rainon irinta a ƙarshen damina, a dasa ta a baƙar ƙasar firgi bayan ruwa ya janye, a girbe ta cikin sanyi ba tare da ban ruwa ba, fasaha ce ta yankin Tafkin Chadi, kuma Fulanin arewacin Kamaru suna kiranta muskuwaari, da suna mai tushe ɗaya. A zamanin nan ma cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da wani irin gero mai suna Ex-Bornu. Ɗabi'ar sunaye kuwa ba ta sauya ba. Tumatir da karas da kabeji suna ɗauke da tambarin zamanin Turawa. Geron da manoma ke kira Sosat an samar da shi ne a Mali tare da cibiyar ICRISAT, aka sake shi a Najeriya a 2000 ta hannun Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda aka kafa a 1975. Yanzu cibiya ce ke miƙo iri, ba ayari ba.

Wannan bahasi yana da amfani a aikace. Rikicin da ya fara a 2009 ya raba manoman Marte da Ngala da Dikwa da gonakinsu na firgi, da yawansu suka zauna a Maiduguri shekara da shekaru. Irin da ba a shuka ba yana mutuwa a ajiya, sunansa kuma yana tafiya da dattijon da ya san shi, tare da sanin wane ne ke jure ƙishi, wane ne tsuntsu ba ya so. Jami'ar Maiduguri tana da masana Kanuri da Hausa, Cibiyar Tafkin Chadi tana da masana iri, kuma gari ɗaya suke. Ya kamata duk irin da aka tattara a rubuta shi da sunansa na Kanuri da na Larabcin Shuwa da na Hausa, da ƙauyen da ya fito, da bayanin manomin da ya kawo shi, tun masu bayanin suna raye.