Hanibal Da Dawakin Laka

Duk wanda ya tashi a Wanke ya san abin da kaka take kawo wa yara. Da an girbe dawa sai mu bazama gona neman kara, mu yi dokin kara da motar kara, sa'an nan mu gangara fadama mu ɗebo laka mu gina dawaki da mahaya, mu soka musu tsinke a maimakon mashi, mu shanya a rana. Da la'asar a raba runduna biyu a gwabza, wanda dokinsa ya karye ya tafi gida yana hawaye.

Da na shiga makarantarmu, ran nan malaminmu na tarihi, Allah ya jiƙansa, ya kawo labarin yaƙe-yaƙen Rum da Kartaj. Da ya ga mun yi zuru, sai ya fitar da mu waje, ya sa muka jera tsakuwa a ƙasa, baƙaƙe Rumawa, farare mutanen Kartaj. Yawancin abin da na haddace don jarrabawa ya tafi, amma wannan darasi yana nan daram. An yi shekaru da dama ba a koyar da tarihi a firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan kafin a dawo da shi, saboda haka 'ya'yanmu suna da giɓi babba. Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce mu sa a yi wa makaranta akwatuna uku na kayan wasa a kan waɗannan yaƙe-yaƙe.

Kartaj birni ne a gaɓar Bahar Rum, kusa da Tunis ta yau. Fatake 'yan Finisiya daga birnin Sur na ƙasar Labanan suka kafa shi, bisa ruwaya a shekarar 814 kafin Miladiyya. Ya yi yaƙi uku da Rum tsakanin 264 da 146 kafin Miladiyya.

Akwati na farko na jiragen ruwa ne. A yaƙin farko, wanda aka yi a kan tsibirin Sisili daga 264 zuwa 241, mutanen Kartaj su ne gwanayen teku, Rumawa kuwa mayaƙan tudu ne. Sai Rumawa suka ƙera wata gada ta katako mai ƙugiyar ƙarfe a gaban jirgi. Da sun matso kusa sai su sake ta ta cafke jirgin abokan gaba, dakaru su tsallaka a yi ta da takobi. Da wannan dabara suka ci nasara a Milayi a 260. Masassaƙi zai iya yin jiragen, yara su ɗaura gadar da kara da zare.

Na biyu shi ne na Hanibal. A 218 ya taso daga Sifen da giwaye 37, ya haye duwatsun Alfs ya faɗa Italiya. A Kanne, a 216, yana da mayaƙa kimanin 50,000, Rumawa kuwa wajen 80,000. Ya tura tsakiyar rundunarsa gaba kamar baka, ya bar ta tana ja da baya sannu a hankali. Rumawa suka kutsa suna zaton nasara ce, sai dakarun Afirka da ke gefe biyu suka rufe su, dawaki kuma suka zagayo ta baya. Wannan abu ne mai wuyar fahimta a kan allo, amma yaron da ya tura sojojin laka da hannunsa zai gane shi nan take.

Na uku na Zama ne, a ƙasar Tunisiya, a 202. Hanibal ya zo da giwaye 80, amma Sifiyo, jarumin Rum, ya bar hanyoyi a tsakanin layukan dakarunsa, da yawa daga giwayen suka bi ta ciki suka wuce. Mahayan Numidiya, waɗanda suke hawa ba sirdi ba linzami, sun taimaki Hanibal a Kanne, amma a Zama sarki Masinisa ya kawo mafi yawansu ɓangaren Rum. Su da dawakin Rumawa ne suka komo suka buge Hanibal ta baya, watau da irin dabararsa aka ci shi.

A cikin kowane akwati ina so a saka 'yar takarda mai tunatar da malami abu guda. Bayan Rumawa sun rushe Kartaj a 146, sun raba littattafan birnin ga sarakunan Afirka, suka sa aka fassara littafin noma na Mago kawai zuwa Latin. Kusan duk abin da muka sani game da Hanibal daga alƙalamin Folibiyus Bagirke, abokin gidan Sifiyo, da Libi Barume ya fito. Ya kamata yaro ya saba da tambayar wa ya ba da labari, kuma wane ɓangare yake.

In wannan ya karɓu, sai mu juyo gida, a yi na Tafkin Kwatto na 1804 da na Alƙalawa na 1808, da 'yan baka da 'yan lifidi da ganuwa, a yi kuma na 'Yandoto ta kusa da Tsafe da malamanta. Ba sai an yi odar roba daga waje ba. Muna da magina tukwane da masassaƙa da maƙera a Gusau da Bungudu, kuma kuɗin zai zauna a hannun mutanenmu. Ni na ɗauki nauyin akwatin Kanne. Ina roƙon 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai su duba sauran biyun a taronmu mai zuwa. Allah ya sa mu dace, amin.