Tarihin Irin Albasa a Ƙasar Illela

Illela, garin da ke kan iyakar Jihar Sakkwato da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, ta gaji noman albasa daga yankin da yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka raba gida biyu, alhali fadamunsa da manomansa dangin juna ne. Ginshiƙin sana'ar shi ne fitar da iri, aikin da ke cin zagaye biyu na noma, domin galibi albasa ba ta yin fure sai an sake binne ƙwayar da ta ƙosa, ta fitar da dogon kara mai farin fure, wanda idan ya bushe ake sussuke shi a sami ƙananan baƙaƙen tsaba. Ana yafa tsabar a bedi, wato ɗan fili mai laushin ƙasa da ake rainon shuka, sannan a cire ta bayan kimanin mako shida a dasa a fangali lokacin hunturu. Da yake ƙarfin tsabar yana raguwa idan ta shekara, manomin da ya yi sakaci dole ya nemi na maƙwabci ko na kasuwa, kuma ta wannan hanya ce jar albasar Galmi ta Nijar, wadda ta yi suna a Afirka ta Yamma saboda zafinta da jure ajiya, ta riƙa ƙetare iyaka. Rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya takura wannan musaya ƙwarai. Manoman da ke adana irinsu sun cancanci kulawar hukuma fiye da yadda suke samu.