Lifidi da Ɗinkin Ƙyallaye a Ƙasar Hausa

A shekarar 1971 wani babban gidan nune-nunen fasaha na birnin New York, mai suna Whitney, ya rataye barguna a bangonsa kamar yadda ake rataye zanen manyan gwanaye. Barguna ne na ƙyallaye, waɗanda matan ƙauyukan Amurka suka harhaɗa da allura, suka cusa auduga a tsakani don maganin sanyi. Tun daga lokacin masana suka fara lissafa irin wannan ɗinki cikin ayyukan fasaha. A 2002 kuma aka nuna na matan Gee's Bend, wani ƙauye na jikokin bayi a jihar Alabama, waɗanda suka ɗinka nasu da tsofaffin kayan aikin gona. Mai karatu zai iya ɗauka cewa sana'ar baƙuwa ce a gare mu. Alhali kuwa Bahaushe ya fi shekara 600 yana haɗa ƙyalle da ƙyalle yana cusa auduga a ciki, sai dai shi ba don sanyi ya yi ba, don kibiya ya yi. Sunan abin lifidi.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ce Sarki Kananeji ɗan Yaji, wanda ake ƙiyasin ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne sarkin Hausa na farko da ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, bayan ya yi asarar mayaƙa masu yawa a fagen fama. Sulke aikin maƙera ne, kuma galibi daga ƙasashen gabas da arewa fatake suke kawo shi, da tsada. Lifidi kuwa duk abin da ake bukata yana nan a gida: audugar gona ko ta rimi, da ƙyallen masaƙa, da zare, da haƙurin maɗinki. Ana shimfiɗa ƙyalle, a baza auduga da kauri, a rufe da wani ƙyallen, sa'an nan a bi shi da ɗinki layi-layi domin kada audugar ta tattaru wuri guda. A saman kuma akan jera ƙyallaye ja da rawaya da shuɗi da fari, masu kusurwa uku ko huɗu, har doki ya zama abin kallo tun daga nesa. Kibiya, ko mai dafi ce, in ta shiga wannan kauri sai ƙarfinta ya mutu kafin ta kai fata.

Amma lifidi yana da nasa aibi. Nauyi gare shi da zafi, sai ƙaƙƙarfan doki ke iya ɗaukarsa, kuma ba ya gudu mai nisa. Mahayin da ya faɗi da wuya ya tashi in ba a taimake shi ba, ga kuma auduga ba ta shiri da wuta. Shi ya sa ƴan lifidi ba su da yawa a cikin runduna; su ne ke kewaye da sarki, su ne ake turawa su fasa sahun maharba. Baturen nan Denham, wanda ya isa Barno a 1823, ya kawo hoton wani barden Bagarmi cikin irin wannan shiga a littafinsa, abin da ke nuna cewa sana'ar ta game Sudan ta Tsakiya.

Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta suka yi arewa suka kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sun taho da tambura da muƙamai da dawakai, da masu yi wa dawakan kaya. Bindiga ce ta kashe kasuwar lifidi. Tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun ta fara yawa, sa'an nan Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Audugar da ke tare kibiya ba ta tare harsashi. Daga nan lifidi ya bar fagen fama ya koma hawan Sallah, wato ya zama abin da ake yi don ido kaɗai. In an duba da kyau, wannan ita ce hanyar da bargunan Amurka suka bi daga gado zuwa bango, sai dai namu ya riga nasu, kuma babu wanda ya kira shi fasaha.

A arewacin Maraɗi, a ƙasar Dakoro inda Bader Gula take, inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara, allura ta kama wata hanya dabam. Matan Woɗaaɓe, waɗanda Hausawa ke kira Bororo, sukan sayi baƙin ƙyallen da masaƙa da marinan Hausa suka yi, su cika shi da ɗinkin zare kala-kala, layi bayan layi, a kan zane ko a kan doguwar rigar da samari ke sawa a wasan Gerewol. Kowane zane yana da suna, kuma yawancin sunayen daga rayuwar kiwo aka ɗauko su. Aiki ne da ake yi a gindin itace tsakanin tatsa da shayar da dabbobi, yakan ɗauki watanni. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe shanu, suka kora iyalai da dama zuwa birane, inda ɗinkin ya zama abin sayarwa ga baƙi. Ya ciyar da mutane, wannan gaskiya ne. Amma mai ɗinka wa ɗanta ba ta gaggawa, mai ɗinka wa kasuwa kuwa dole ta rage layi.

A yau akwai ƴan Afirka da suka yi suna a duniya da ƙyalle. Abdoulaye Konaté na Mali, wanda aka haifa a Dire a 1953, yana yanka rinanniyar shadda siri-siri yana jerawa har ta rufe bango, kuma an nuna aikinsa a babban baje kolin fasaha na Venis a 2017. A Nijar, Alphadi ya buɗe bikin FIMA a 1998 a hamadar Tigidit, kusa da Agadas. Waɗannan an san sunayensu, ana rubuta su a ƙarƙashin ayyukansu.

Nan ne bambancin yake, kuma ba ƙarami ba ne. An san matan Gee's Bend ɗaya bayan ɗaya domin an je an zauna da su, an tambayi wa ta koya wa wa. Lifidi da rigunan Woɗaaɓe da ke ajiye a gidajen tarihi na Turai kuwa, akasari abin da ake rubuta musu shi ne ƙabila da yanki da sunan Baturen da ya kawo su. Tarihin Kano ma sunan sarkin ya riƙe, bai riƙe na maɗinkin ba. Gidan Tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ya yi abin yabo da ya ba masu sana'ar hannu wurin aiki a cikin harabarsa. Abin da ya rage aiki ne mai sauƙin kuɗi: ɗalibi da littafin rubutu, a fadar Maraɗi da ta Tsibiri da kasuwannin Dakoro, ya rubuta sunan mai ɗinki, da na wanda ya koya masa, da sunan kowane zane, tun tsofaffin da suka san su suna da rai.