Indiya a cikin tukunyar Kurfai: tarihin wata tsohuwar musaya

A ƙasashen Turai, fita cin abincin Indiya ya zama al'ada, ba a manyan birane kaɗai ba, har da ƙananan garuruwan da ke kewaye da su. Wani mutumin Patna mai suna Sake Dean Mahomed ne ya buɗe gidan abincin Indiya na farko a Landan a shekarar 1810, amma bai yi kasuwa ba, ya rufe bayan ɗan lokaci. Sai bayan yaƙin duniya na biyu ne ƴan ci-rani, akasarinsu daga yankin Silhet na ƙasar Bangaladash ta yau, suka baza irin waɗannan gidaje a unguwannin Ingila, har ta kai a 2001 ministan harkokin wajen Birtaniya, Robin Cook, ya kira wata miyar kaza da ake yi a cikinsu abincin ƙasa. A Paris ma, wanda ya ratsa Passage Brady ko unguwar La Chapelle ya san wannan ƙamshi.

Filinge, da ke tazarar kilomita kusan 180 arewa maso gabas da Yamai, a bakin Dallol Bosso, ba garin da ake zuwa neman irin wannan gida ba ne. Baƙon da ya sauka tasha ranar kasuwa zai tarar da mai tuwo, da mai fura da nono, da mai dambu, da mahauci a bakin tukubarsa, da mai shayi a gindin bedi. Sai dai idan mai karatu ya bi asalin abin da ke cikin waɗannan ƙwarya da kwanoni ɗaya bayan ɗaya, zai ga Indiya ta daɗe da shigowa Kurfai, kuma Sahel ɗin nan namu ya riga ya aika mata da nasa tun kafin a san Bature.

Abin da ya tafi

Mu fara da hatsi, wato gero, uban abinci a ƙasar nan. Ɗaya daga cikin mafi tsufan ƙwayoyin geron noma da masu haƙar kayan tarihi suka samu ta fito ne daga kwarin Tilemsi, a arewa maso gabashin Mali, kuma ta kai shekara 4,500. Ke nan mahaifar hatsi ba ta da nisa da gonakin Kurfai. Daga Sahel ya bi hannun manoma da makiyaya zuwa gabas, ya ƙetare teku, ya isa yammacin Indiya fiye da shekara 3,500 da suka wuce. A can suna kiransa bajra. Dawa ma daga Afirka ta je, suna ce mata jowar. Haka wake.

Labarin tsamiya ya fi ban dariya, kuma malaman faransanci za su ji daɗinsa. Itace ne na dajin Afirka, amma ya daɗe a Indiya har Larabawa suka ɗauka na can ne, suka raɗa masa tamr hindi, ma'ana dabinon Indiya. Daga nan Faransawa suka samu kalmar tamarin, masana ilimin tsirrai kuma suka rubuta Tamarindus indica. Ɗan gida ne ya yi tafiya, ya dawo da sunan baƙo.

A jihar Rajastan, ƙasar rairayi da ƙarancin ruwa kamar tamu, ana yin gurasar gero a shafe ta da man shanu, ana kuma dama garin gero da tsala a bar shi ya yi tsami, abin da suke kira rab. Bakurfayen da aka miƙa wa wannan ba zai buƙaci tafinta ba, domin ƙanwar fura ce. Ba lallai ne wani ya koya daga wani ba. Inda duk gero da saniya da zafin rana suka haɗu, dabarar mata kan bi hanya ɗaya.

Abin da ya zo

Babbar kyautar Indiya ga ƙasar Kurfai tana tafiya da ƙafa huɗu. Saniya mai tozo, wadda Faransawa ke kira zébu, an fara kiwonta ne a yankin kogin Indus kimanin shekara 8,000 da suka wuce. Ta shigo Afirka ta gabas, ta yi ta gauraya da shanun da ta tarar, kuma yaɗuwarta ta ƙaru bayan ƙarni na 7 tare da fataucin Larabawa. Daga wannan zuriya aka samu shanun Azawak, waɗanda suka yi suna wajen nono da jimirin fari, kuma domin kyautata irinsu ne aka kafa tashar gwajin kiwo ta Tukunus, arewa da Filinge, tun zamanin mulkin mallaka. Nonon da ake dama fura da shi, da man shanun da ake zuba wa tuwo, da cukun da matafiya ke yi wa iyali tsaraba, duk suna da jijiya a can.

Hanyar da ta kawo alheri ita ce kuma ta kawo masifa. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar jiragen ruwa ta Masawa, a bakin Bahar Maliya, waɗanda tarihi ya nuna daga Indiya aka ɗauko su, ɗauke da cutar bushiya. Cikin shekaru kaɗan annobar ta ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma, ta kashe mafi yawan garkunan da ta tarar, ta mayar da masu dukiya mabarata. Makiyayan ƙasar Hausa sun riƙe wannan lokaci da sunan Sannu, saboda gaisuwar jaje da ta cika bakin kowa. Turawan mulkin mallaka sun iso ne a kan ƙasar da wannan annoba ta riga ta raunana. Sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da cutar daga duniya baki ɗaya.

Na biyu shi ne zogale. Yau babu wanda zai ce dambu ko kwaɗon zogale, wanda maƙwabtanmu Zabarmawa ke kira kopto, ba abincin gargajiya ba ne. Amma mahaifar wannan itace arewacin Indiya ce, a gindin tsaunukan Himalaya. Ɗaya daga cikin sunayensa na Hausa, bagaruwar Makka, yana nuna cewa kakanninmu sun san daga gabas ya ɓullo. Indiyawa sun fi cin ɗanyen ƴaƴansa a miya, mu kuwa ganyen muka riƙe, har manoman Jiratawa kusa da Maraɗi suka mayar da shi amfanin gona na sayarwa. Riɗi ma a Indiya aka fara nomansa. Mangwaro daga can ya fito. Bedi, ko dogon yaro, wanda masu abinci ke fakewa a inuwarsa, a farkon ƙarni na 20 ya shigo Afirka ta Yamma, kuma da shi aka yi shingayen kare iska na kwarin Majiya tun daga 1975.

Teburin mai kayan yaji

Wanda ke son karanta tarihin fatauci ba tare da littafi ba, ya tsaya gaban mai kayan yaji. Kimba, da masoron gida, da citta mai ƙwaya, da daddawa, namu ne na Afirka ta Yamma. Citta mai yatsu da gangamau daga kudancin Asiya suka fito. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunusiya, amma ta hannun fataken Indiya da na Larabawa ya riƙa zuwa Masar da Tarabulus, daga nan ayarin raƙuma ya biyo da shi ta Gat da Agadas zuwa Katsina da Kano. Sunansa ma ya ba da shaida, domin daga larabci ƙaranful aka are shi. Kalmar sukari ta fi haka nisan tafiya: daga sharkara ta harshen Sanskrit ta shiga farisanci, ta zama sukkar a larabci, sannan ta rabu biyu, ɗaya ta zama sucre a bakin Faransawa, ɗaya ta zama sukari a namu. Ko wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin zuwan tamma da dala, mafi yawansa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya aka kwaso shi.

Akwai kuma baƙon da ya sauka gidajen biyu kusan lokaci ɗaya. Barkono, wanda a nan yamma muke kira tonka, ɗan Amurka ne. Babu shi a Indiya, babu shi a ƙasar Hausa kafin 1492. Bayan Vasco da Gama ya isa Kalikut a 1498, jiragen Fotugal suka kai shi gaɓar Indiya da gaɓar Afirka, tare da wasu ƴan uwansa irin su masara da gujiya. Zafin da ake yi wa miyar Indiya kirari da shi, da zafin yajin kilishi, duk ba su wuce shekara 500 da ƴan kai ba. Garin kori kuwa, wanda matan birni ke saye a ƙulli ko a gwangwani, haɗi ne da Ingilishi suka tsara don kwaikwayon girkin Indiya, suka baza shi a ƙasashen da suka mulka, ya shigo mana ta Najeriya.

A ƙarni na 20 Indiya ta sake zuwa, wannan karon ta allon silima. Tun shekarun 1950 ƴan kasuwar Lebanon suka fara nuna finafinan Bombai a Kano, daga baya suka cika gidajen silima na Yamai da Maraɗi da Damagaram. Mun ari waƙa da salon soyayya, amma girki bai biyo baya sosai ba, in ban da samosa da ake soyawa lokacin azumi da bukukuwa, wadda ita ma sunanta daga farisanci ya samo asali.

Buhun shinkafa da damin hatsi

A nan ne tarihin ya daina zama abin nishaɗi. Afirka ta Yamma tana da shinkafarta ta asali, wadda aka fara nomawa a kwarin kogin Kwara shekaru dubbai da suka wuce. Amma shinkafar da ta cika kantunanmu ta Asiya ce, a buhu take zuwa daga Indiya da Tailan da maƙwabtansu. Fari da yunwar 1973 zuwa 1974, da na 1984, da ƙarancin abinci na 2005, sun saba wa mutanen karkara da abincin agaji da na kanti. Ga kuma wahalar sussuka da surfe da daka, wadda ke kan mace ita kaɗai, alhali shinkafa wankewa ce kawai a ɗora. Sannu a hankali shinkafa ta zama alamar wadata, tuwon hatsi kuma ya fara zama abin da yaron makaranta ke jin nauyin ambata a gaban abokansa.

Shekarun baya sun nuna haɗarin wannan dogaro. Indiya ce ke fitar da kusan kashi 40 cikin 100 na shinkafar da ake cinikinta a duniya. A watan Satumba na 2022 ta hana fitar da gutsattsarin shinkafa, a watan Yuli na 2023 kuma ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba, don kare farashi a cikin gida. Wannan ya zo daidai da rufe iyakokin Nijar da ƙungiyar CEDEAO ta yi a ƙarshen watan, sai farashin buhu ya yi tashin gwauron zabo. Indiya ta ɗage hanin a 2024 da 2025, amma magidancin da ya auna tiya a wancan lokaci ya koyi cewa hukuncin da aka yanke a Delhi yana iya rage tuwon dare a Filinge.

Abin lura shi ne, a daidai lokacin da muke juya wa hatsi baya, Indiya tana ɗaukaka shi. Ita ce ta fi kowace ƙasa noman gero, Nijar kuma tana cikin na sahun gaba. Da shawararta ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ICRISAT, wadda aka kafa a 1972 kusa da birnin Haidarabad, ta buɗe reshenta na Sahel a Sadore, kudu da Yamai, a shekarun 1980, inda ake adana irin hatsin manomanmu ana kuma kyautata shi. Ƙwayar da ta bar Sahel shekaru dubbai da suka wuce ta dawo gida da rigar kimiyya. A biranen Indiya yau ana sayar da gurasar gero a gidajen abinci na masu hali, ana yaba ta saboda sinadarin ƙarfe da ke cikinta da kuma jimirin shukarta ga fari.

Aikin da ke gabanmu

Darasin da malami zai ɗauka daga nan mai sauƙi ne. Abin da muke kira gargajiya bai taɓa zama rufaffen ɗaki ba: zogale baƙo ne, tonka baƙo ne, saniya mai tozo baƙuwa ce, kuma duk sun zama ƴan gida domin kakanninmu sun karɓe su, sun shuka, sun kiwata, sun sarrafa da hannunsu. Bambancin da ke tsakaninsu da buhun shinkafa shi ne su sun yi saiwa a ƙasarmu, shi kuwa kullum sai an biya kuɗin jirgi da na mota.

Ƙungiyoyin raya al'adu da ke tattara waƙoƙi da tatsuniyoyi ya kamata su haɗa da girki, tun tsofaffin da suka san sunayen irin hatsi, da ganyayen miya, da abincin da aka rayu da shi a shekarun yunwa suna raye. Malamin Hausa na iya aika ɗalibai kasuwa su rubuto sunan kowane kayan yaji da inda mai shi ya saro shi. Malamin faransanci na iya bin sawun tamarin da sucre tare da su, na tarihi da labarin ƙasa kuma su zana hanyar a taswira, daga Tilemsi zuwa Rajastan, daga Indus zuwa Tukunus. Yaron da ya san cewa furar da uwarsa ta dama tana da tarihin shekara 4,500, kuma ana cin danginta da alfahari a wata nahiya, ba zai ƙara sunkuyar da kai ba idan aka tambaye shi abin da ya ci jiya da dare.